BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: AIKIN BAYAN FAGE A WASAN KWAIKWAYO

Duk wanda ya tashi a Jabo, ko Dogondaji, ko wani gari daga cikin garuruwan ƙasar Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, ya san abin da yakan faru a bayan gidaje idan azumi ya doshi kwana goma. Tun kafin daren da za a fara tashe, yara sukan ɓace wa iyayensu da rana. Wani ya samo auduga ta yin gemu, wani ya lallaɓa ya ɗauko tsohuwar rigar kakansa, wani ya huda gwangwani ya ɗaura masa igiya ya zama ganga, wani kuma ya daka gawayi da toka na shafe fuska. Sa'an nan su taru a wani kango su yi ta maimaita waƙa da rawa har ƙafa ta daidaita da kiɗa.

In an lura da kyau, a cikin kowane gungu akwai yaro guda wanda ba ya rawa, ba ya waƙa. Shi ke riƙe da fitila. Shi ke rataye da jakar da ake zuba hatsin da aka samu. In gemun tsoho ya faɗi a tsakiyar wasa, shi zai tsince shi ya liƙa kafin a isa gida na gaba. Matan gida sukan yi dariya su yaba wa mai gemu, ba wadda takan tambayi sunan mai fitila. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, a ranar ne 'yan'uwansa za su gane cewa wasan nasu a hannunsa yake.

Wannan yaro shi ne kakan dukkan ma'aikatan bayan fage na wasan kwaikwayon zamani. 'Yan kallo ranar wasa kaɗai suka sani, su zo su zauna, a ɗaga labule, su tafa su watse. Alhali kuwa kyan wasa ko muninsa tun a makonnin farko na gwaji ake yanke shi, a hannun mutanen da ba za a taɓa ganin fuskarsu ba. Ya kamata ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni, da ma'aikacin gwamnatin da takardar neman kuɗin wasa za ta biyo ta teburinsa, su san abin da waɗannan mutane ke yi, da abin da yakan auku in an raina aikinsu.

DAGA KALANKUWA ZUWA AJI

Shirin bayan fage ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A wasan kalankuwa, wanda samarin karkara kan yi bayan an kawar da amfanin gona, ranar wasa ita ce ƙarshen aiki. Kafin ta zo sai an tara kuɗi, an aika wa ƙauyukan makwabta da goron gayyata, an nemi izinin mai gari, an sare kara an kafa rumfuna, an yi jinga da makaɗa, an kuma raba muƙamai, wane gwamna, wane alƙali, wane likita, su wane 'yan sanda. Kowane mai muƙami kuma sai an samo masa suturar da za ta sa a gane shi tun daga nesa. Haka nan wasan gauta da matan fada kan yi, inda sukan kwaikwayi sarki da fadawansa, ba ya yiwuwa sai an tanadi riguna da rawuna irin na maza.

Abin da zamani ya ƙara shi ne rubutu da dandamali. A shekarun 1930 Dokta R. M. East ya fitar da littafinsa mai wasanni shida na Hausa domin makarantu. A ƙarshen waɗannan shekaru Malam Aminu Kano, yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ya riƙa shirya wasanni masu zambo ga zalunci da ha'inci. Lardin Sakkwato bai tsaya a baya ba. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau Mafara, a 1954 kuma Malam Inkuntum ya fito daga alƙalamin marubucin da ake kira da sunan Dogondaji, garin da ke ƙasar Tambuwal kamar Jabo. Daga baya Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, sa'an nan Uwar Gulma ta Mohammed Sada ta biyo a 1968.

Waɗannan littattafai sun shiga makarantu, kuma a nan ne mafi yawan 'yan boko na Arewa suka fara sanin dandamali. Akan haɗa teburan ɗakin cin abinci a shimfiɗa musu tabarmi, a rataya barguna a igiya su zama labule, a hura fitilar gas a rataya a sama. A makarantun maza, yaro mai siririyar murya shi akan ɗaura wa zane da kallabi ya zama amarya. Malami guda ne yakan ɗauki dukkan nauyin: shi ne mai ba da umarni, shi ne mai neman aro, shi ne mai tsayawa bayan bargo da littafi yana raɗa wa wanda ya manta maganarsa.

GIDAN WASA NA LAKA A SAMARU

Inda aka mai da wannan aiki ilmi mai tsari a Arewa shi ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a can a ƙarƙashin Sashen Turanci, bisa jagorancin Michael Etherton, wanda kafin zuwansa ya yi irin wannan aiki a Jami'ar Zambiya. Da aka tashi gina wurin gwaji da nuna wasa, ba a kwaikwayi manyan zaurukan Turai masu kujeru jere da labulen ƙarau ba. Wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Steven Ehrlich, wanda yake koyarwa a jami'ar a lokacin, ya zana wurin bisa fasalin gidan Bahaushe: ɗakuna huɗu masu zagaye, katanga ta haɗa su, fili a tsakiya sararin sama a buɗe. Da laka aka gina shi, da hannun magina na gargajiya, aka kuma yi wa bangayensa ado irin na Zazzau. An gama shi wajen 1976.

Wannan fasali ya sauya aikin bayan fage ƙwarai. A zauren Turai akwai labule da lunguna inda ma'aikaci zai ɓuya da kayansa. A nan kuwa ana iya yin wasa a tsakar fili 'yan kallo su kewaye, ana iya yinsa a bakin ɗaya daga cikin ɗakunan, ana ma iya tashi daga wannan ɗaki a koma wancan. Saboda haka tambayar farko da akan warware kafin a fara kowane gwaji ita ce: ina 'yan kallo za su zauna? Sai an amsa ta kafinta zai san abin da zai ƙera, mai fitilu ya san inda zai rataya fitilunsa, ɗan wasa kuma ya san inda zai juya fuskarsa.

Ginin laka kuma yana da haƙƙinsa. Kowace damina takan ci wani abu daga jikinsa, sai an bi shi da yaɓe da gyaran rufi. Watau ke nan magini ma ma'aikacin wasa ne, ko da bai taɓa karanta layi guda na wasan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

RANAR FARKO

A kowane gidan wasa mai tsari, ranar farko ta gwaji kusan iri ɗaya ce. Akan kafa kujeru a zagaye, kowa ya zauna, daga wanda zai fito a sarki har zuwa wanda zai ja igiyar labule. A raba takardun wasa, a karanta shi daga farko har ƙarshe ba tare da kowa ya tashi tsaye ba. 'Yan wasa suna sauraron maganganun da za su haddace. Mutanen bayan fage kuwa wani abu dabam suke saurare. Da zarar an ce maigida ya shigo da buta a hannu, mai kula da kaya ya rubuta buta. In an ce gari ya waye, mai fitilu ya sa alama. In an ce an ji kiran salla daga nesa, mai sauti ya fara tunanin ko ladani za a samo ya tsaya a bayan katanga, ko kuwa ɗaukar murya za a yi. In matar da ta fito a fitowa ta biyu tana amarya ta sake fitowa a ta uku tana takaba, mai tufafi zai tambaya nan take, minti nawa ke tsakani? Domin amsar ita ce za ta nuna masa irin ɗinkin da zai yi.

Kafin a watse a ranar, tela ya auna kowa. Mai kula da dandamali, wanda akan kira manaja, ya karɓi sunan kowa da inda yake kwana, ya kuma kafa jadawalin gwaji a bango. Tsara wannan jadawali a ƙasar Hausa sai wanda ya san gari. Dole a bar lokutan salla. In azumi ya shigo, murya takan dushe da rana, sai a koma bayan asham. In wurin a buɗe yake, hadarin Yuli da Agusta yana iya tashin gwaji a kowace yamma, hunturun Disamba da Janairu kuma yakan shaƙe maƙogwaro da ƙura. 'Yan mata sai an nemi yardar iyayensu, an kuma tabbatar da wanda zai raka su gida. Manajan da ya yi sakaci da wannan na ƙarshe, yakan wayi gari saura mako guda a yi wasa ba shi da amarya.

Washegari, tun kafin 'yan wasa su iso, manaja ya riga ya zo da alli da igiyar awo ya zana ƙasa. Nan ne ƙofar zaure, nan ne rijiya, nan ne gadon sarki. Babu ko ɗaya daga cikinsu tukuna, domin kafinta bai gama ba, amma daga ranar ba wanda zai taka layin da aka ce bango ne. Ɗan wasan da ya saba ratsa bangon alli makonni huɗu, ranar wasa da bangon katako zai yi karo a gaban jama'a.

LITTAFIN MANAJA

Babban makamin manaja littafi ne guda. Akan liƙa kowane shafi na wasan a kan takarda mai faɗi, a bar fili a gefe. A wannan fili ake rubuta duk abin da mai ba da umarni ya yanke: wane ya shigo ta dama, ya yi taku uku, ya durƙusa, wance ta juya baya a kan kalma kaza. Da fensir ake rubutawa, saboda abin da aka yanke ranar Litinin ana iya warware shi ranar Laraba. Kowane canjin fitila da kowane sauti yana da lambarsa a jikin kalmar da za ta kira shi.

Amfanin wannan littafi yakan bayyana a wurare biyu. Na farko, in gardama ta tashi tsakanin 'yan wasa a kan inda aka ce wani ya tsaya, littafi ne alƙali. Na biyu, ranar wasa mai ba da umarni ya gama nasa aiki, yakan koma cikin 'yan kallo ya zauna yana cizon yatsa. Daga lokacin da aka buɗe ƙofa har a rufe, manaja ne sarki. Shi zai ce a kashe fitila, shi zai ce a buga ganga. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce a rubuta littafin yadda ko da manaja ya kwanta ciwo da la'asar, wani zai ɗauka ya gudanar da wasan da magariba.

RAWANI, BUTA DA KARIN HARSHE

Mai tufafi yana fuskantar 'yan kallon da suka fi shi sanin abin da yake kwaikwaya. Bahaushe yana karanta matsayin mutum a jikin suturarsa. Naɗin malami dabam, na basarake dabam, rawani mai kunne biyu kuwa ba na kowa ba ne. Ɗaurin kallabin budurwa ba ya zama na uwargida. In aka sa wa manomin da ya dawo daga gona riga mai guga da sabon takalmi, dariya za ta tashi a inda marubuci ya so a yi kuka, kuma ba za a sake kamo hankalin jama'a ba sai bayan wani lokaci. Shi ya sa mai tufafi na ƙwarai yakan ɗauki sabuwar riga ya jiƙa ta da ruwan ƙasa ya shanya, har ta yi kamar ta shekara uku a jiki.

Mafi yawan kayan wasa aro ne. Alkyabba daga gidan sarauta, takobi daga wani dattijo, turmi da taɓarya daga unguwa, akushi da ƙoshiya daga wata tsohuwa da ta adana na kakarta. Kowane abu sai an rubuta mai shi da ranar mayarwa. Ƙungiyoyin wasa da yawa sun mutu ba don rashin gwanaye ba, sai don alkyabbar da aka ara ta dawo da ƙonewar taba, daga nan ƙofar wannan gida ta rufu, labari kuma ya bazu. A lokacin gwaji ba a taɓa kayan aro. Sanda takan tsaya a madadin takobi, tsohon bargo a madadin alkyabba, sai a kwanakin ƙarshe a fito da na gaske.

Akwai kuma wata sutura da ba tela ke ɗinka ta ba, watau karin harshe. Mafi yawan littattafan wasa da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su. Amma in za a nuna wasa a Jabo ko Kebbe, aka fito da manomin ƙasar yana cewa "tafi" da "yana" a inda kowa ke cewa "tahi" da "shina", 'yan kallo za su ɗauke shi baƙo, su ɗauki damuwarsa ta wasu ce. Wannan ma shawara ce da akan yanke a makon farko, a rubuta ta a gefen littafi.

SAHARA A KAN DANDAMALI

Misalin da ya fi nuna nauyin aikin bayan fage a tarihin wasan Hausa shi ne Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta labarin a shekarun 1930. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan dandamali, aka buga a 1975, sa'an nan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Abin lura a nan shi ne, Lyndersay, mutumin Tirinidad, a fannin fitilu da tsara dandamali ya yi suna tun yana Jami'ar Ibadan. Watau ɗaya daga cikin mutane biyun da suka rubuta wasan mutumin bayan fage ne.

Wanda ya karanta labarin zai ga dalili. A cikinsa akwai harin bayi, akwai fadar sarki, akwai ayarin da ya ƙetare Sahara, akwai guguwar rairayi, akwai ƙasar Larabawa. Mai fim yana iya ɗaukar na'urarsa ya tafi inda raƙuma suke. Mai dandamali ba shi da wannan dama, filin da ke gabansa bai wuce tsakar gida ba. Dole fitila ta zama rana, ƙyalle ya zama tudun rairayi, ƙararrawa da tafiyar mutane a jere su zama ayari. In waɗannan suka yi daidai, ɗan kallo da kansa zai ƙarasa sauran a zuciyarsa, har ya ji ƙishirwa. In suka kuskure, ko ɗan wasa ya kai wa ya kai gwaninta, mutum ne kawai a tsaye cikin rawani yana magana.

Mai fitilu kuma shi ke ɗauke da amanar rayuka. Inda akwai rufin ciyawa da zana da tufafi rataye, waya guda da ta kwaile ta isa ta jawo gobara. Saboda haka guga cike da rairayi, da hanyar fita da ba a tare ta da kaya ba, da janareta da aka gwada tun da rana, da fitilun hannu a aljihun kowane ma'aikaci, duk suna cikin shirin wasa kamar yadda haddar magana take ciki. Wanda ya yi aiki a zamanin NEPA bai bukatar a gaya masa abin da yakan biyo bayan ɗaukewar wuta a zauren da ya cika da mutane.

GWAJIN DA YA FARA A GINDIN BISHIYA

Malamai da ɗaliban Zariya sun ƙara wa aikin bayan fage wani sabon babi. A 1977, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ke yayata shirin nan na ciyar da ƙasa wanda aka ƙaddamar a 1976, sun shirya Wasan Manoma suka kai shi ƙasar Soba. A 1979 suka yi irinsa a Maska, daga baya kuma a Bomo da cikin garin Samaru. Daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan tafarki akwai Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah.

A irin wannan wasa babu littafin da za a karanta ranar farko. Gwaji yakan fara ne da gaisuwa a ƙofar dagaci. Sa'an nan ɗalibai su bazu cikin gari, su zauna a majalisa da bakin rijiya da kasuwa, 'yan mata su shiga gidaje wurin matan aure, a saurari abin da ke damun mutane, ko taki ne, ko ruwan sha, ko bashi, ko gona. Da dare a taru a baje abin da aka ji, a zaɓi wanda za a gina labari a kansa. Da tafiya ta yi nisa sai suka fahimci cewa kawo wa mutane wasan da aka dafa a jami'a bai wadatar ba, gara a shirya shi tare da su, su ma su shiga ciki, su gyara inda aka yi kuskure. A nan aikin bayan fage ya zama kashi tara cikin goma na al'amarin, domin wanda bai iya zama ya saurara ba, ba shi da abin da zai nuna.

A ƙetaren iyaka ma, a Jamhuriyar Nijar, ƙungiyoyin samariya na zamanin Shugaba Seyni Kountché da gwanaye irin su Yazi Dogo sun raya wasan Hausa wanda galibi ba a rubuta maganganunsa. Akan amince da ƙashin labari, sa'an nan a yi ta maimaitawa har kowa ya san inda zai shiga da inda zai tsaya. Rashin takarda bai rage musu gwaji ba, ƙara shi ya yi. Haka kuma wasannin da suka yi tashe a rediyo da talabijin, irin su Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da wasannin marigayi Ƙasimu Yero, da Idon Matambayi na gidan talabijin na Sakkwato, kowannensu yana da rundunar masu fitila da masu sauti da masu kaya waɗanda sunayensu kan wuce da sauri a ƙarshen shiri, lokacin da mai kallo ya riga ya tashi.

INDA KUƊI KAN TAFI

Matsalar da ta daɗe tana cin wannan fanni a bayyane take ga duk wanda ya taɓa ganin takardar kasafin wani biki na makaranta ko na ƙaramar hukuma. Akan ware kuɗin rumfa da kujeru da lemo da na masu ɗaukar hoto, domin su ne babban baƙo zai gani. Kuɗin katako da ƙusa da yadi, da na motar 'yan wasa na makonni huɗu ko shida na gwaji, su akan fara yankewa, ko kuwa a sake su saura kwana uku. Sai a kwana ana ƙera dandamali, fenti bai bushe ba a hau, 'yan wasa su sa tufafin da ba su taɓa gwadawa ba. In wasa ya lalace a ce yaran ba su iya ba.

Wannan hali bai tsaya ga ƙananan wurare ba. Babban gidan wasanni na tarayya da ke Iganmu a birnin Ikko, wanda aka gama a 1976 domin bikin FESTAC na 1977, a lokacin babban zaurensa na ɗaukar mutum wajen 5,000. Amma saboda rashin kulawa ta yau da kullum wannan zaure ya yi shekaru a rufe, sai da aka yi masa gagarumin gyara, aka kuma sa masa sunan Wole Soyinka a 2024. Gina wuri aikin shekara biyu ne ko uku, mai kuma ranar buɗewa da jawabai. Riƙe shi aikin kullum ne, ba ya da ranar biki.

Ɗalibai ma suna da nasu laifin. A ranar rabon aiki kowa sarki yake so ya zama, wanda aka ba jan labule yakan ga kamar an wulaƙanta shi. Ga shi kuwa sana'ar da ta fi daɗewa a hannu tana bayan fage. Masana'antar finafinan Hausa da ta bunƙasa a Kano tun daga 1990, da gidajen talabijin, da masu shirya taruka, kullum suna neman wanda ya iya fitila, ya iya sauti, ya iya tsara kaya da lokaci. Fuska takan tsufa a daina yayinta, amma wanda ya iya riƙe littafin manaja ya koyi abin da zai yi masa amfani ko da ofis ya koma: tsara aiki, kiyaye amana, da sanin cewa kowane abu yana da lokacinsa.

Gari kamar Jabo ba sai ya jira an gina masa zaure mai kujeru dubu ba. Abin da gidan wasa na Samaru ya tabbatar tun 1976 shi ne, laka da ciyawa da fasalin tsakar gida sun isa. Magini yana nan, kafinta yana nan, tela yana bakin kasuwa, makaɗa ba su ƙare ba, tsofaffin da suka san yadda ake naɗa kowane rawani suna zaune a ƙofar gida. Abin da ya rage shi ne shugaban makarantar da zai ba da aji guda da yamma har tsawon makonni shida, da jami'in da zai saki kuɗin gwaji a farkon gwaji, da malamin da zai duba cikin ɗalibansa ya gano wanda yake riƙe wa 'yan'uwansa fitila a daren tashe, ya miƙa masa alli da fensir da littafi.